Madubai Goma Sha Bakwai

Mai Madubi ake kiransa a ɗakin binciken. Shekara ashirin yana saita madubai goma sha bakwai a kan teburin ƙarfe, don walƙiyar lesa, wato siririn haske mai ƙarfi, ta bi ta kansu ta faɗa cikin 'yar kwalba mai ɗauke da ƙwayoyin lu'ulu'u da ido ba ya gani. Madubi ɗaya ya goce ko da faɗin gashi, aikin mako ya tashi a banza.

Bai taɓa rubuta yadda yake saitin ba. Wai aikin hannu ne, ba na biro ba. Gaskiyar ita ce, yana jin daɗin ganin manyan masana tsaye a bayansa suna jiran yatsunsa.

Ranar da 'yarsa ta fara naƙuda, na'urar sanyaya ɗakin ta tsaya, zafi ya gotar da madubai, hasken ya bar kan kwalbar. Wayarsa sai ruri take a aljihu. Ya je bakin ƙofa ya dawo, ya sake zuwa ya dawo.

"Baba, ƙwayoyin nan ba za su kai gobe ba," in ji Dakta, mai binciken. "Ka tafi, amma nuna mini ta ina ake farawa."

"Dakta, ai hannunki rawa yake."

"Naka ma yau rawa yake."

Ya dubi yatsunsa. Haka ne. Ya yagi takarda, ya zana madubai duka, kowanne da kibiyarsa, ya miƙa mata. Yana gangara matakala yana addu'ar 'yarsa ta haihu lafiya, can ƙasan zuciyarsa kuma yana fatan Dakta ta kasa.