Yawun 'Yata a Kwalbar Ƙanin Mijina

Ciwon ƙoda ne ya kashe mahaifina a Gashua, ya kuma ɗauke yayata bayan an yi wata bakwai ana kai ta wankin jini. Shi ya sa tun da na haifi 'yata, kullum da safe sai na danna ƙafafunta in ga ko sun kumbura, in leƙa fo ko fitsarinta yana kumfa.

Ƙanin mijina yana karatun zama dakta, ba na allura ba, na ƙwayoyin gado. Ya ce a yawun mutum akwai rubutun da ya gada daga iyaye, su kuma suna zuba shi a kwamfuta su nemo inda ciwo yake ɓuya. Ya same mu a Nguru da kwali cike da ƙananan kwalabe.

"Matar yaya, ke ce 'yar Gashua," in ji shi. "Ni ba na wuce zaure. Ki shigar mini gidajen unguwarku."

Kwana tara ina bin gidaje a Gashua da goyo. Mata suka ce wa zai ba baƙo yawunsa, a je a yi masa asiri? Na tofa nawa a gabansu, na ce duk mai ciwon a jininta za a gaya mata. Na 'yata da auduga aka shafo, don ba ta iya tofi ba. Na ce masa, "Ko ita kaɗai ce ka duba mini." Ya ce an gama.

Shekara biyu, in na kira sai ya ce kwamfuta tana aiki. Da ya zo babbar sallah na tare shi a tsakar gida. Ya yi dariya a gaban dangi.

"Ai babu suna a jikin kwalaben, lamba ce, dokar bincike ke nan. Matar yaya, wannan ba karatun 'yan aji huɗu ba ne."

A aji huɗu na tsaya, kowa a wurin ya sani. Na zuba masa nama, na riƙe maganar a raina.

Bara malaminsa ya ce sai an koma gidajen nan an sake ɗiba, in ba haka ba karatun ba zai ƙare ba. Ya kira ni murya a ƙasa. Na ce Allah ya kai mu. Na riga shi shiga motar Gashua da kwana ɗaya, na bi matan ɗaya bayan ɗaya na maimaita musu abin da ya ce mini ranar sallah, ban ƙara ko kalma ba.

Ya zauna a zauren gidanmu da kular ƙanƙara tun hantsi. Har la'asar ko mayafi bai gifta ba. Ina jin yana buɗe kular yana rufewa, ni kuma ina tsinke barkono, raina fes.

Da na fito ya ce, "Haba matata, kashe ni za ki yi?"

"Yau ni ce matarka? Kira lambobin naka mana, Dakta, ko za su fito."

Na ce gobe zai ɗauke ni da yarinyar zuwa babban asibitin Nguru, a gwada jininta da fitsarinta, a rubuta sunanta a takarda, ya karanta mini a hankali har in gane. Kuma duk matar da ta tofa masa, sai an yi mata haka.

Ya kai mu. Likita ya ce ƙodarta lafiya, a dawo baɗi. Na shiga bayi na yi kuka na wanke fuska.

A hanya ya tambayi yaushe za mu fara, saura masa sati uku ya koma. Na ce gida ɗaya a rana nake iya shiga yanzu, ban da Juma'a. Gidajen sun fi talatin.