Ranar da Lakhdar Ya Rufe Bakin Bututu

Duk garin Batna babu bututun da ya taɓa yi wa Ammi Lakhdar, wato Kawu Lakhdar, gardama sai na gidansa. Shekara talatin da huɗu yana gyaran famfo, kuma ba ya ɗaukar sifana sai ya saurara tukuna. Zai dafa bakin sukundireba a jikin bututun ruwan zafi, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai jin wa'azi. In ya ji ƙas-ƙas a hankali, ya ce ƙarfe ne ya ji zafi ya miƙe, maɗauri ya matse shi. In ƙugi ne, iska ce ta maƙale. In hita, wato tukunyar dumama ruwa, na fito kamar buta a kan wuta, gishirin ruwa ne ya daskare a ciki. Yana gama faɗa sai ya tsaya a yaba masa, don Lakhdar ya fi son yabo a kan nama.

Amma a hawa na uku inda yake zaune, bututun da ya fito daga hita ya bi bangon matakala yana da wata tsiya. Haka kawai da rana tsaka sai ya kama dukan bango, gwam-gwam-gwam, har na ƙasa su ji. Matarsa Zuhur ta hana shi taɓawa tun suna da ɗa ɗaya. "Ka bar min bututuna," iyakar abin da take cewa ke nan. Shi kuwa gogan bai taɓa tambayar dalili ba, ya ɗauka rigimar mata ce.

Mas'ud wanzami ne ya tunzura shi, a gidan gahawa, a gaban jama'a.

"Likitan famfo, jiya na bi ta ƙofarku na ji ganga. Wa kuka aurar ba gayyata?"

"Kai dai ji da gashin mutane."

"Ko gwanintar ta waje ce, a gida Hajiya ke riƙe da sifana?"

Aka kwashe da dariya. Maganar ta soki Lakhdar ƙwarai, don sunansa shi ne duk abin da ya tara a duniya.

Ran Alhamis Zuhur ta tafi gidan wanka na mata a cikin gari, inda ya san ba ta fitowa sai la'asar. Ya bi bututun da hannu yana ƙwanƙwasawa har ya kai ga maɗaurin da ya saki. "Shi ke nan," ya ce wa kansa. "In an ɗauke ruwa iska ta cika shi, in an kawo ruwa ya tunkuɗo iskar, shi kuma ya hau bango da duka." Da bakinsa ya faɗi haka, amma kunnen nan da ake yabo bai ji komai ba. Ya sa roba, ya ɗaure tamau, ya ƙara 'yar kafar fitar iska, ya koma gidan gahawa yana taƙama.

A unguwar ana kawo ruwa sau ɗaya a kwana uku, awa biyu, ba kuma a san lokacin ba. Ran Asabar ruwa ya zo shiru, ya koma shiru.

Da yamma Lakhdar ya dawo ya tarar da matakala cike da mata, kowace da jarka babu ko ɗigo. Wata tsohuwa mai suna Baya, ta hawa na farko, ita ce a gaba da sandarta.

"Lakhdar ɗana, kai ne ka kashe mana mai shela?"

"Inna, gyara na yi. Ƙarar nan cuta ce."

"Cuta a gidanku! Da ƙarar nan na wanke 'ya'ya bakwai. Yana bugawa mu saki komai mu tara bokiti. Yanzu da me zan yi alwala, da gyaran naka?"

Zuhur kuwa akwatin aikinsa kawai ta miƙo masa. A gaban mata goma sha ɗaya babban gwani ya durƙusa ya cire robarsa, ya toshe kafar, ya sassauta maɗaurin, Baya na tsaye a kansa tana cewa ya ƙara saki.

Sai dai ruwa ba zai dawo ba sai Talata, kuma mata sun yanke hukunci: wanda ya ɓata shi zai ɗebo. Daga rijiyar masallaci, jarka biyu-biyu, gida-gida. Mas'ud har kujera ya fito da ita ƙofar shago don kallo, amma zuwa lokacin Lakhdar ya daina jin ta tasa.

A sawu na shida ƙafafunsa suka ƙi. Ya zube a kan matakala yana haki, tafin hannunsa ya yi jawur. Zuhur ta sauko ta karɓi jarka ɗaya, ta ɗaga ta kamar ba komai a ciki.

"Zuhur," ya ce, "ranar da ba kya gida ya buga fa? Ya kike yi?"

"Abin da kake yi yanzu."

"Duk shekarun nan?"

"Da kana tsammanin ruwan wankanka daga ina yake zuwa?"

Ta hau ta bar shi zaune. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya daɗe yana kallon ɗaya jarkar kafin ya miƙe ya ɗauka.