Tofin Baffa a Ɗakin Tiyata

Shekarar da garmar shanu ta tsage wa Baba ƙwauri, ni na yi jinyarsa a wani asibiti a Malumfashi. Likita ya ɗinke, ya kuma faɗa mana gaskiya: idan ciwon ya yi mugunya, ana iya rasa ƙafar.

Nas ɗin ɗakinmu, wadda kowa ke kira Sista, mace ce mai barkwanci, amma ba ta wasa da wanke hannu. Ita kanta daga gado zuwa gado sai ta sauya safar hannu. Ni kuwa ban iya ce wa babba a'a ba.

Wata Juma'a Baffa, yayan Baba kuma malamin garinmu, ya iso daga Danja a kan babur. Ya ce, "Buɗe min wurin in yi tofi." Har na fara ɓamɓare filasta sai ga Sista.

"Ɗan Baba, me hannunka ke nema a nan?"

"Tofi za a yi, Sista."

Ta rusuna ta gai da Baffa. "Allah gafarta Malam, addu'ar muna so, mu ma a sa mu ciki. Amma yawu da hannun da ya riƙo babur ba za su je kusa da ɗinkin nan ba."

Baffa ya ɓata rai. "'Yar nan, tun ba a haife ki ba nake tofi."

Baba ya ɗago daga kwance. "Haba Yaya, addu'arka da ke ratsa sammai, bandeji ne zai tare ta?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har mai gadon gefe ya dafe ɗinkin cikinsa yana roƙon a bari. Baffa ma ya kasa daurewa. Ya je ya wanke hannu da sabulu, ya tofa a tafinsa, ya shafa wa Baba a ka. Nan fa sauran majinyata suka fara, "Malam, a leƙo nan ma!" Ya bi su gado gado, Sista na biye da shi da buta da sabulu.

Ni kuma ta tsayar da ni na kalli yadda ta cire duk abin da na taɓa ta sa sabo. Na ji kunya ƙwarai.

Ranar cire zare muka ga ciwon ya bushe tas. Baba ya sauko ya taka, na riƙo kafaɗarsa.

"Sake ni," in ji shi. Ya kai bakin ƙofa da kansa, ya juyo yana tambaya ko an yi wa masararsa banƙasa, an tara mata ƙasa a gindi.