Kabewar da na dasa kafin lokaci

Ranar Alhamis, 11 ga Satumba, da hantsi, shugabar makarantarmu ta aiko a kira ni daga aji. Na tarar da yayar mahaifina, Rakhali Maliepollo, zaune a ofis, ta ja bargonta har haɓa. Ina ganinta na san kin rasu, Nkhono Mamoliehi, kakata, bayan kwana goma sha tara a asibitin Quthing.

Ban iya magana a gaban mutane ba, kin sani. Shi ya sa na rubuta.

Tun ina shekara shida kike riƙe da ni. A gidanki na koyi cewa ba a zama a jira bazara, shirya mata ake yi. Da sanyi ya fara sassautawa za ki fito da barguna a shanya a kan duwatsu, a kwashe tokar da muka tara duk hunturu a zuba a lambu. Sai mu kwaɓa ƙasa da kashin shanu mu yaɓe bangon ɗaki, ki zana shi da tsohon cokali mai yatsu. Idan layina ya karkace sai ki ce, "Lieketseng, wannan zane ne ko kaza ce ta yi tono?" Amma ba ki taɓa goge shi ba.

Babu gidan da bai ci daga lambunki ba. Shekarar da Ntate Tsekiso maƙwabcinmu ya karye a ƙafa, ke kika gyara masa nasa kafin namu. Da ya yi godiya kika ce, "Rufe min baki, tsoho. Ba don kai na yi ba, don kada ka zo kana leƙen tukunyata ne."

Abin da kika fi so shi ne kabewarki, irin da kika zo da shi daga gidan mahaifinki ranar aurenki. Bana ɓeraye suka shiga tulun iri, ƙwaya goma sha huɗu kawai suka rage. Kika shuka su a gwangwanaye, kika jera a taga. Ranar da za a tafi da ke asibiti kika riƙe hannuna kika ce, "Ki ba su ruwa kawai. Kada ki yarda da furen perekisi, bishiyar nan maƙaryaciya ce, takan yi fure sanyi yana nan. Sai dusar ƙanƙara ta bar kan dutse ake dasawa."

Na ji, Nkhono. Amma bayan mako ɗaya rana ta yi ɗumi, bishiyoyi suka cika da fure, kabewar ta yi ganye huɗu huɗu. Na so ki dawo ki tarar da lambu kore, ki ce na girma. Na dasa su duka ranar Asabar. Da safiyar Talata na fito na ga raɓa ta daskare, ƙasa ta yi fari. Kafin azahar ganyen ya yi baƙi, ya kwanta. Ko ɗaya bai tsira ba.

Da na zo duba ki ranar Lahadi kika tambaye ni, "Ya 'ya'yana na taga?" Na ce suna lafiya. Ƙarya na yi miki, kuma ita ce kusan magana ta ƙarshe da ta shiga tsakaninmu. Na ce a raina zan faɗa miki idan kin ƙara samun ƙarfi. Ban san ba ni da wata Lahadin ba.

Tunda a al'adarmu ba a taɓa ƙasa sai an binne mamaci, lambun yana nan yadda na ɓata shi, duk mai zuwa gaisuwa sai ya wuce ta gabansa. Jiya na ga Rakhali tsaye a bakin shinge tana kallonsa. Na je na ce, "Rakhali, ni ce na dasa su. Kuma ban gaya mata ba."

Ta ce, "Ke dai yarinya ce. Kina tsammanin akwai wanda ya taɓa ɓoye wa tsohuwar nan magana? Bayan kin fita ranar nan ta ce min, 'Yarinyar ta dasa, ba ta iya kallon idona ba. Kada wanda ya yi mata faɗa. Sauri take yi in dawo.'"

Na durƙusa a wurin na yi kukan da ban yi ba tun ranar Alhamis. Irin da kika adana shekara hamsin ya ƙare a hannuna, kuma ko a gadon ciwo ni kika tausaya wa, ba shi ba. Ki yafe min, Nkhono.

Allah ya ji ƙanki, ya ba ki hutu a wurinsa, ya sāka miki da alherin duk bakin da kika ciyar. Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifina da ke hanyarsa daga wurin aiki, da Rakhali Maliepollo, da matan cocinmu, da Ntate Tsekiso da ya kasa cin abinci. Allah ya ba mu haƙuri. Ranar Asabar mai zuwa za mu raka ki.

Jikarki,
Lieketseng