Laba Sittin: Zuwa ga Orval Haugen

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Oktoba, da misalin ƙarfe goma na safe, ƙanwata Darlene ta bugo mini waya wurin aiki ta ce ka tafi. A lokacin akwai motar alkama tsaye a kan sikeli, direba yana jiran in miƙa masa takardarsa. Na miƙa masa, na ja taga na rufe, na zauna. Shekara talatin da ɗaya ina awon motoci a rumbun hatsi na ƙungiyar manoman garinmu, ban taɓa rufe tagar nan da rana ba sai ranar.

Orval, mijin ƙanwata, abokin faɗana. Mutane sun faɗi alherinka a coci, sun kuma faɗi gaskiya. Duk wanda motarsa ta taɓa faɗawa rami a lokacin dusar ƙanƙara a wannan yanki na Dakota ta Arewa ya san sarƙarka. Ni kuwa nawa ya fi na kowa. Shekarar da mijina Duane ya rasu, lokacin da birki ya ƙi kama masa a gangaren kogi da mota maƙare da hatsi fiye da ƙima, kai ka bar gonarka ka girbe tamu tukuna. Daga nan har shekara ashirin, duk safiyar da dusar ƙanƙara ta toshe ƙofata, kafin in gama dafa kofi ka share hanya ka wuce. Ko na leƙo in yi godiya, sai ka ɗaga yatsu biyu daga kan sitiyari, shi ke nan.

Amma ba wannan ya sa na ɗauki alƙalami ba. Akwai abin da ke tsakanina da kai, kuma ina so in faɗe shi a gaban mutane.

Darlene ba ta taɓa ganin teku ba. Tun kuna saurayi da budurwa ka yi mata alkawarin za ka kai ta bakin ruwa a Oregon. Da ka bar wa surukinka gona shekara huɗu da suka wuce, sai ka sayo ɗakin tafiya, irin wanda ake ɗorawa a bodin a-kori-kura, da gado da murhu da tankin ruwa a ciki. Ka ɗora shi a kan tsohuwar motarka, bayanta ya durƙusa, hancinta ya kalli sama. Darlene ta zagaya ta sau ɗaya ta ce ba za ta hau ba sai Yaya ta auna ta sa hannu. Ta tuna Duane, kamar yadda nake tunawa.

Awon farko, da ku biyu a ciki, kun haura iyakar nauyin da aka rubuta a takardar jikin ƙofar direba da laba ɗari tara. Ka tafi ka ƙara ganyen sifirin a baya. Ka dawo mota ta miƙe tsaf, kana murmushi har kunne.

"Alƙaliya, dubi yadda ta tsaya! Kamar soja."

"Ta tsaya, amma nauyin yana nan," na ce maka. "Ka ɓoye durƙuson ne kawai. Birkin da za ka taka a kan duwatsu shi ne dai na jiya."

"Ke dai ba a taɓa burge ki. Duane ya yi haƙuri, wallahi."

Haka muka yi ta yi. Ka sa jakunkunan iska a ƙarƙashi, ka sayi tayoyi masu ƙarfi, duk na ce lambar ƙofa ba ta canja ba. Da ka ga ƙari ba ya fisshe ka, sai ka koma ragi. Ka cire murfin bodi, ka cire kujerar baya, ka zubar da rabin ruwan tanki. Har kaskon ƙarfe na mahaifiyarmu sai da kuka yi kwana biyu ba ku magana a kansa, kafin Darlene ta yarda ta bar shi a gida. Duk bazara ka zo sikeli, duk bazara in mayar da kai. Garin nan kaf ya mayar da abin wasa, har a shagon kofi ana tambayarka saura nawa.

A watan Yunin bara saura laba sittin. Nauyin ƙaramin buhu ɗaya na alkama. Ka sauko daga mota ka zo bakin taga, ka cire hula, abin da ba ka saba yi ba.

"Marlys, sittin ce fa. Sa mana hannu mu tafi."

"Sittin ma nauyi ce. Ka rage tumbin nan, ai ya kai haka."

Wasa na yi, Allah ya sani. Kai ma dariya ka yi, ka shafa cikinka ka ce za ka ba ni mamaki. Na san a raina laba sittin ba za ta kashe kowa a hanya ba. Amma na saba da cewa lamba lamba ce, kuma ina alfahari da cewa ban taɓa sassauta wa kowa ba. Taurin kaina na kira shi amana.

Da sanyi ya shigo ka fara ramewa. Duk muka ce Orval ya dage, yana yi wa sikeli azumi. Ka daina gama abincin da ke farantinka, Darlene ta yi ta yabonka a waya. Ka ƙara huda a belinka, maza a shagon kofi suka tafa maka. Ni da kaina, ranar Ista, na dube ka na ce ka koma saurayi. Mutum yana narkewa a gabanmu muna yi masa barka. Ina jin kai ma da fari ka yarda ƙoƙarinka ne, shi ya sa ba ka je wurin likita ba sai da tafiya ta yi nisa. Ni na ba ciwon nan mayafin da ya ɓuya a ciki.

A watan Agusta ka hau sikeli karo na ƙarshe. Lamba ta nuna kun sauka ƙasa da iyaka da laba biyar. Na buga takarda, na sa hannu, na fito da kaina na kai maka, don ranar ba ka sauko ba. Na ce, "To, ka ci ni." Ka karɓa ka ce, "Na gaya miki zan ba ki mamaki." Sai da ka miƙo hannu na ga agogonka yana yawo a tsintsiyar hannunka. Kuka sa ranar tafiya bayan girbi. Mako uku bayan haka aka kwantar da kai a asibiti, kuma motar ba ta wuce ƙofar gida ba.

Na je duba ka sau bakwai, ban iya buɗe baki na nemi gafararka ba. Kullum sai ka riga ni da zolaya, ni kuma in biye maka don ya fi mini sauƙi. Da na sa hannu bara, da kun ga teku kana da ƙarfinka. Wannan zan ɗauka har nawa lokacin ya zo.

Jiya Litinin Darlene ta kawo motar da kanta, ɗakin yana ɗaure a baya yadda ka bar shi. Ta hau sikeli ta tsaya. Lamba ta nuna akwai sauran wurin laba ɗari da saba'in. Na daɗe ina kallonta, don na san ko nauyin wane ne ya fita. Darlene ta sauke gilashi ta ce, "Yaya, ke nawa ne nauyinki?" Na ce ɗari da hamsin. Ta ce, "To ki nemi hutu a watan Mayu. Kuma kaskon Mama zai bi mu." Ban yi lissafin kaskon ba, na ce to.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Darlene, da 'yarku Janelle da mijinta da 'ya'yansu, da dukan dangin Haugen. Allah ya ba ku haƙuri, ya cike muku gurbin da ya bari da alherinsa.

Kai kuma Orval, ka yafe mini. Allah ya jiƙanka, ya gafarta maka, ya ba ka hutawa. Ranar da za a ɗora ayyukanka a kan ma'auni, Allah ya yi maka sassaucin da ni ban yi maka ba.

Marlys Tvedt