Inda Igiyoyi Biyu Suka Haɗu a Kanmu

Ana sallame sallar asuba muka bar Gumel, ni da mahaifiyata da ƙanena mai tuƙi, za mu ta'aziyya wani ƙauye gaba da Sule Tankarkar. Ruwa ya kwana yana zuba. Gero ya yi kore shar, amma hanya duk kududdufi. Da muka tsaya wajen mai ƙosai, Inna ta ce ƙosan bana sai ka ce ƙwayar magani.

Ni malamin lissafi ne, bincikena kuma a kan igiyar ruwa tilo yake, wato tudun ruwa guda da ke tafiya mai nisa bai wargaje ba. In biyu suka yi karo, ratsa juna suke yi, kowace ta fita da siffarta. A kwamfuta kawai na saba ganinsu.

Da muka sauka daga kwalta, muka tarar da wani dogon kwari, ruwa ya shafe hanya, gaɓa hagu da dama. Ƙanena ya ce zai wuce. Muna kaiwa tsakiya mota ta mutu, ruwa har bakin ƙofa.

Sai ga motar shanu ta faɗo ruwan daga gaba. Kafin mu ɗaga hannu, wata babbar ta shigo ta baya. Duk sun taka birki da suka hango mu, amma ruwan da suka turo bai tsaya ba. Tudu biyu, sumul, babu ko kumfa, suna nufo mu. Ni kuwa na san inda suka haɗu tsayinsu ninkuwa yake.

"Ɗaga gilashi!" na daka wa ƙanena tsawa. "Inna, ɗora ƙafa kan kujera!"

"Innalillahi," ta ce, ta damƙe hannuna.

A kanmu suka haɗu. Ruwa ya mari gilashi, mota ta ɗago, bayanta ya zame wajen wani rami, sannan ta dira. Da na leƙa, kowace igiya ta ratsa 'yar'uwarta ta yi gaba abinta.

Direbobin da samarin wani ƙauye da ke kusa ne suka turo mu waje. Da jiƙaƙƙun kaya muka yi ta'aziyya, muka kwana, washegari muka zagayo ta Maigatari zuwa gida, Alhamdu lillahi.

Shekara da shekaru ina gaya wa ɗalibai cewa igiyoyin nan lafiya lau suke fita daga karo. Ban taɓa tambaya ba: wanda ya tsinci kansa a tsakani fa?