Akuyar Surukata a Bayan Zakirai

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar Gezawa, ni da direba da wata ma'aikaciyar jinya. Tana cikin masu binciken yadda za a rage wa masu ciwon daji raɗaɗi a gida. Ni kuwa ɗan jagora ne, don mahaifin matata na kwance a ƙauyensu bayan Zakirai, zafin ciwo ya hana shi barci.

A Gezawa muka karya da ƙosai, wanda tsada ta sa ya ƙanƙance, sai ka ce gujiya. Muna sauka daga kwalta mota ta shiga rawa tsakanin gonakin gero, gona na bin gona, kowane manomi sai ya ɗago mana fartanya.

Mun tarar da Baba a zaure. Ya rame ƙwarai, amma ya sha babbar riga da hula saboda zuwan suruki. Na durƙusa na gaishe shi, na samu wuri na baje, wai ni mai taimako.

Ma'aikaciyar ta ce, "Baba, yaya zafin ciwon?"

"Da sauƙi, alhamdulillahi."

Ta juya tambayar ta kowace fuska, amsa ɗaya. Gumi na tsiyayo masa, ya damƙe gefen tabarma, amma har tambayata yake ya kasuwa. Hankalina ya tashi, don tun a mota ta gaya mini likita ba zai rubuta magani mai ƙarfi ba sai mara lafiya ya faɗi yadda yake ji. Na shiga roƙonsa, shi kuwa sai ƙara gyara zama yake.

Can surukata ta aiko daga cikin gida, wai in taimaka in nemo mata akuyarta a bayan gari. Na yi ta ratsa gonaki cikin shadda, ina leƙen akuyoyin mutane, har wani manomi ya ce ai Inna ta sayar da nata tun kafin Sallah. Nan na gane. Dattijo ba ya raki a gaban mijin 'yarsa, ko da ransa zai fita.

Da na dawo, ma'aikaciyar na waya da likita, idonta jajur. Baba na jin takuna ya jawo hularsa.

Mun iso Kano da la'asar, ƙafata duk ƙarangiya. Kwana biyu da kai wa Baba maganin, surukata ta bugo waya, ta ce ranar ya yi barci har sai da aka tashe shi sallah. Wallahi na yi ƙwalla. Na tafi ina ganin zamana kusa da shi ne gata, ashe taimakon da yake buƙata a wurina shi ne in ɗauki takalmana in ba shi wuri.